Kukan Giyar Ciki: Wanne Ne Na Lafiya, Wanne Ne Na Ciwo?

Jama'a, duk wanda ya zagaya wuraren da ake sayar da kekuna na hannu a Kumasi, ko Tamale, ko Ankara, zai lura cewa cikin kekunan da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema daga Japan da ƙasashen Turai akwai masu wata tukunyar ƙarfe mai kauri a tsakiyar wilin baya. Wannan tukunya ita ce hob mai giya a ciki. Ba ka ganin tarin farantai masu haƙora a waje kamar na keken tsere, sai faranti guda, da waya guda da ta taso daga kan keke ta gangaro baya. Duk canjin giya a cikin tukunyar ake yin sa, inda ƙura da taɓo ba sa kaiwa da sauƙi.

Abin da muke yawan gani a unguwanninmu na Zango shi ne, da zarar wannan hob ya fara wani ƙara da mai keke bai gane ba, sai a yanke masa hukunci. Wani ya tsinke wayar ya jefar, wani kuma ya biya kuɗi a kwance wilin gaba ɗaya a ɗaura masa hob na yau da kullum mai firiwil, a wurga tsohon cikin tarin ƙarafa. Mai keken nan kuwa, ko ɗan makaranta ne, ko mai kai burodi shaguna, ko mai ɗauko buhun masara daga gona, ya yi asara biyu ke nan: ya kashe kuɗin da bai kamata ya kashe ba, ya kuma rabu da giyar da ke taimakonsa a hawa. Alhali kuwa sau da yawa hob ɗin lafiyarsa ƙalau, abin da yake nema bai wuce saitin waya, da ɗigon mai, da ɗaurin noti ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace a wannan wata mu yi bayani a kan kukan giyar ciki, domin a san wanda za a ƙyale da wanda za a tsaya a duba.

Daga ina ya fito?

A shekarar 1902 aka yi rajistar hob mai giya uku a Ingila da ya ɗauki sunan mutum biyu, Henry Sturmey da James Archer, kamfanin kekuna na Raleigh da ke birnin Nottingham kuma ya riƙa ƙera shi da sunan Sturmey-Archer. A 1936 suka fito da samfurin da ake kira AW, wanda shi ne ke bayan yawancin tsofaffin Raleigh masu giya uku, waɗanda iyayenmu ke kira Rali. Idan ka goge jikin tukunyar za ka ga an buga harufan AW, da lambobi biyu da ke nuna shekara da watan da aka ƙera shi. In ka ga 74 da 6, to watan Yuni ke nan na 1974. Har yau akwai irin waɗannan da ke aiki, sun girmi masu hawansu nesa ba kusa ba. A shekarar 2000 kamfanin Sun Race ya sayi Sturmey-Archer, aka kwashe aikin daga Ingila zuwa Taiwan.

Ban da wannan akwai Torpedo na kamfanin Sachs na Jamus, wanda ake samu a kekunan da suka fito daga Jamus da Holan. Kamfanin SRAM na Amurka ya sayi sashen kekuna na Sachs a 1997, ya kuma daina ƙera giyar ciki a 2017, don haka kayan gyaransa sai dai a ciro daga wani tsohon. Sai kuma Nexus na kamfanin Shimano na Japan, mai giya 3, ko 7, ko 8, wanda shi ya fi yawa a kekunan da ke zuwa daga can. Dukansu dabara ɗaya ce a cikinsu, amma za mu fi yin misali da AW domin shi ya fi sauƙin ganewa, wanda ya gane shi kuma ya kama hanyar gane sauran.

Me ke cikin tukunyar?

A tsakiya akwai aksil, wato sandar ƙarfen da aka ɗaure a jikin firam, wadda ba ta juyawa. A jikinta akwai wata 'yar giya mai haƙora 20 da injiniyoyi ke kira rana. Wasu ƙananan giya huɗu, su ma masu haƙora ashirin-ashirin, suna zaune cikin wani keji suna kewaya ta, su ne ake kira taurari. Sai wani zobe mai haƙora 60 ta cikinsa ya rufe su duka. Saboda rana a tsaye take, duk lokacin da kejin taurari ya zagaya sau uku, zoben zai zagaya sau huɗu. A nan duk hikimar take.

Akwai kuma kuloci mai yatsu huɗu da ke zamewa a kan aksil, wayar giya ce ke jan sa, sifirin kuma na mayar da shi. Shi ke zaɓar inda ƙarfin ƙafarka zai bi. A giya ta 1, farantin kaca ya juya sau huɗu, wili ya juya sau uku: ga sauƙin taka, amma ba gudu. A giya ta 2 kunnen doki suke, faranti ɗaya wili ɗaya. A giya ta 3 faranti ya juya sau uku, wili sau huɗu: ga gudu, amma da nauyi.

Abu na ƙarshe da ya kamata a sani shi ne ƙananan harsunan ƙarfe guda huɗu, biyu a jikin zobe, biyu a jikin keji. Su ne ke cije haƙoran da ke cikin tukunya su tura wili gaba. Kowane harshe da ɗan sifirin ɗinsa, siriri kamar gashi. Yawancin kukan da muke ji daga waɗannan harsuna yake fitowa.

Kukan lafiya

Idan kana taka feda a giya ta 2 ko ta 3 kana jin ƙyas-ƙyas-ƙyas a hankali daga baya, kamar tafiyar agogo, to ka kwantar da hankalinka. Dalili shi ne a waɗannan giya biyu tukunya ta fi keji saurin juyawa, sai harsunan keji su riƙa tsallake haƙora suna wannan ƙara. A giya ta 1 kuwa, muddin kana takawa, hob ɗin AW shiru yake. In ka daina takawa keke na gangarawa da kansa, za ka ji ƙarar a kowace giya, kamar dai na firiwil.

Wannan ƙara ma'auni ne a hannunka. In tana fita tsaf, a jere, ba ta yankewa, harsuna na aiki kuma da mai a ciki. In ta yi kaifi sosai kamar ana kaɗa ƙusa a gwangwani, mai ya ƙare. In kuwa hob ɗin da ka saba jin sa ya fara yin ƙasa-ƙasa har ya yi tsit, to wannan shirun shi ne abin tsoro, domin yana nufin datti ko daskararren mai ya danne harsunan, ba da jimawa ba kuma za su kasa cizo.

Nexus mai giya 7 ko 8 kuwa jerin taurarinsa ya fi ɗaya, don haka a wasu giya za ka ji ɗan gunji mai laushi, ko ka ji shi a tafin ƙafa ta feda. A mai giya 8, ta 5 ce ke tafiya kai tsaye, ita ta fi santsi. Wasu samfuran Nexus kuma da ma an ƙera su ba sa ƙara sosai. Abin lura dai shi ne ka san muryar kekenka tun yana lafiya, domin ka gane ranar da ta canja.

Kukan ciwo

Na farko, kuma mafi haɗari, shi ne zamewa. Kana takawa sai ka ji kwaram, feda ta tafi fanko kamar kaca ta tsinke, sa'an nan ta sake kamawa. Tsohon AW na Ingila yana da wani gurbi tsakanin giya ta 2 da ta 3 inda kuloci bai kama komai ba. In saitin waya ya goce ko da kaɗan, kuloci sai ya faɗa wannan gurbi. Wanda ya miƙe tsaye a kan feda yana hawan tudu, da kaya a baya, zai iya dukan ƙarfen firam ko ya kife a gaban mota. Saboda haka muke ba da shawara kada a miƙe a kan feda a giya ta 3 da tsohon AW, in hawa ya yi tsanani a sauko ta 1. Waɗanda ake ƙerawa a Taiwan an toshe musu wannan gurbi. Maganin zamewa, mafi yawan lokaci, saitin waya ne. Sai in an saita daidai bai daina ba a fara zargin kayan ciki: in a giya ta 3 yake zamewa, yatsun kuloci da kawunan ƙusoshin taurari sun cinye, in a ta 1 ne, harsunan keji sun maƙale ko sifirinsu ya karye.

Na biyu shi ne gurnani ko ƙuruƙuru, kamar ana niƙa tsakuwa, a kowace giya, ko ana takawa ko ba a takawa. Wannan boris ne. Ko dai ya bushe, ko ruwa ya shiga ya yi tsatsa, ko kuma an ɗaure kon fiye da kima. Ɗaga wilin baya ka juya shi da hannu: in feda na bin sa tana juyawa da ƙarfi, ko wili ya tsaya da wuri, to an matse shi.

Na uku shi ne ƙwas guda ɗaya mai ƙarfi duk lokacin da ka danna feda ka tashi daga tsaye. Duba aksil. Tun da rana a jikinsa take, duk ƙarfin da ka taka a giya ta 1 ko ta 3 yana neman murɗa shi. Shi ya sa aka fafe gefensa biyu, aka kuma sa wata washa mai kunne da ke shiga bakin firam ta hana shi juyawa. In mai faci ya yar da wannan washa, ko noti ya saki, aksil zai riƙa motsi yana cin bakin firam, har ya buɗe shi, ya kuma murɗe 'yar sarƙar giya.

Na huɗu kukan birki ne, wanda ake ɗora wa giya laifinsa. Kekunan Japan da yawa suna da birki a gefen hagu na hob. Akwai mai ɗamara, wanda ke ƙiii idan ya tsufa ko ya jiƙe. Wannan kada a kuskura a sa masa mai, domin kukan zai tafi, birkin ma ya tafi tare da shi. Akwai kuma na Shimano mai 'yan gangunan ƙarfe a ciki, wanda ke da ɗan rami da murfin roba. Shi da giris yake aiki, kuma girisinsa na musamman ne mai jure zafi. In ya fara ƙara ko yana kamawa farat ɗaya, girisin ya ƙare. Kafin a taɓa, a tabbata wanne ne a ciki.

Yadda ake saita waya

A nan ne mai keke zai fi taimakon kansa, ba ya kuma buƙatar ko sifana. A AW, wata 'yar sarƙa ce ke fitowa ta cikin dogon notin dama, a ƙarshenta akwai siririyar sanda da ke ɗaure cikin aksil.

Da farko a murɗa 'yar sarƙar da yatsa har ta tsaya, sa'an nan a dawo da ita baya kaɗan, kada ya wuce rabin juyi, don ta fuskanci inda waya ta fito. A haɗa ta da doguwar hular da ke bakin waya. A sa liba a lamba 2, ko harafin N a tsofaffi, a ɗan juya feda. Sai a leƙa ta ramin da ke jikin dogon notin: kafaɗar sandar, wato daidai inda ta ƙare sarƙa ta fara, ya kamata ta yi daidai da bakin aksil. In ta yi ciki a ƙara ɗaure hular, in ta fito waje a sassauta. In ta daidaita a kulle da ɗan notin da ke ƙarƙashin hular.

Bayan haka a gwada. A lamba 3 waya ta ɗan saki. A lamba 1 ta ɗame, amma in ka ja 'yar sarƙar da yatsa ta ɗan ƙara fitowa ƙiris. Wannan gwaji na da amfani musamman in sandar ba ta asali ba ce, domin tsawonsu ya bambanta.

A Nexus mai giya 3 akwai ɗan akwati a bakin aksil na dama mai 'yar taga. A sa liba a 2, a murɗa notin waya har alamar ruwan ɗorawa ta zauna tsakanin layuka biyun da ke tagar. Cikin aksil ɗin akwai wata siririyar sanda da akwatin ke turawa, wadda ke zamewa ta faɗi a ƙasa in an cire wili, a kula kada ta ɓace. A mai giya 7 ko 8, a sa liba a 4, a duba kusa da farantin kaca, akwai alamu biyu, ruwan ɗorawa ko ja a tsofaffi, a murɗa notin da ke jikin liba har su fuskanci juna.

Abin da mutane ke mantawa shi ne duk lokacin da aka cire wilin AW don faci, ko aka ja shi baya don ɗame kaca, saitin ya tashi, sai an sake. Haka nan in maƙalin da ke riƙe rigar waya a jikin firam ya zame. Wayar da ta yi tsatsa cikin rigarta kuma ba ta barin sifirin ya mayar da kuloci, sai giya ta riƙa jinkirin shiga. A zare ta a shafa mata mai, ko a sake sabuwa.

Ga kuma abin da ya kamata masu yanke waya su sani. AW in ba waya, sifirin na tura shi giya ta 3, wato mafi nauyi. Daga nan ne maganar nan ta fito cewa keken giya nauyi gare shi. In waya ta tsinke maka a hanya, ja 'yar sarƙar har ƙarshe ka ɗaure ta da igiya a jikin firam, za ka samu giya ta 1 ka isa gida.

Wajen canja giya kuma, a sassauta ƙafa a kan feda na ɗan lokaci kafin a taɓa liba. Canji ana cikin danna feda da ƙarfi shi ke cinye kuloci. Ko a tsaye kake a bakin danja kana iya canjawa, wannan na cikin abin da giyar ciki ta fi ta waje.

Batun mai

Tsohon AW yana da ɗan murfi a jikin tukunya, ta nan ake ɗiga masa mai. Sabon man inji mai lamba 20 ko 30 ya wadatar, ɗigo biyu ko uku duk mako biyu ga mai hawa kullum. Wanda ya daɗe a ajiye, kamar waɗanda suka sha zama cikin kwantena, a ba shi cokalin shayi guda a hau shi kwana biyu, sau da yawa za ka ji muryarsa ta dawo. In mai ya ɗan tsattsafo ta gefe ba laifi, da ma haka yake wanke kansa, sai dai a goge kada ya gangara kan taya ko inda birki ke kamawa. Sturmey-Archer na baya-bayan nan ba su da wannan murfi, da giris mai ruwa-ruwa suke zuwa. In sun bushe ana iya kwantar da keke ta hagu, a zare 'yar sarƙa, a ɗiga mai kaɗan ta ramin aksil.

Abubuwa uku ne muke roƙon a nisanta. Na ɗaya, man girki: man gyaɗa, da manja, da man kaɗe. Ranar farko za su yi santsi, amma in sun kwana biyu sai su zama danƙo su liƙe harsuna. Na biyu, baƙin man da aka juye daga mota, domin cike yake da garin ƙarfe. Na uku, cusa giris mai kauri irin na mota cikin tukunya. Sifirin da ya yi siririn gashi ba zai iya ɗaga harshe cikin wannan kauri ba. Giris wurinsa boris.

Nexus ba shi da ramin mai. Kamfanin ya tsara a riƙa zaro kayan cikinsa lokaci-lokaci a tsoma cikin mai na musamman, don haka ga mai hawa kullum yana da kyau ya kai wa wanda ya iya sau ɗaya a shekara. Babban abokin gabarsa ruwa ne. Tsallaka kwari da damina har ruwa ya rufe hob, da kai keke wurin wankin mota a fesa masa ruwa mai ƙarfi, su ke tura ruwa ciki ya kwanta ya ci boris. Tsumma da bokiti sun isa. Da hunturu kuma a riƙa goge ƙurar da ke taruwa bayan farantin kaca.

Hob mai birkin ƙafa, wanda ake taka feda baya ya tsaya, shi ma girisin birkinsa mai jure zafi ne. Mai birkin ganga a gefe kuwa, kada a cika masa mai, don kada ya kwarara cikin birkin.

Kon da noti

A AW kon na dama ba na wasa ba ne, domin shi ke tsayar da kayan ciki a mazauninsu. Ƙa'idarsa ita ce a ɗaure shi da yatsa har ya tsaya, a dawo da shi rabin juyi, a kulle. Daga nan duk wani gyaran boris ta kon na hagu ake yin sa. A bar ɗan motsi ƙiris da za a ji in an girgiza wili daga bakin taya. Wanda ya matse shi har motsin ya ɓace gaba ɗaya, kamar yadda ake yi wa wilin gaba, ya jawo gurnani.

Notin aksil na Sturmey-Archer kuma tiredinsa daban yake da na sauran kekuna, aksil ɗin ya ɗan fi kauri. An kuma yi notin da ƙarfe mai taushi da gangan, don in an matsa fiye da kima shi ya lalace, aksil ya tsira. In an tilasta wani noti na daban a kai, aksil ɗin ne zai tafi, shi kuwa sauya shi sai an wargaza hob duka.

Wani kukan ba na hob ba ne

Kafin a ɗora wa tukunya laifi, a yi wannan ɗan bincike. In ƙarar na zuwa sau ɗaya duk zagayen feda, a duba feda, da ƙusar da ke riƙe hannunta, da boris na tsakiyar keke. In tana zuwa sau ɗaya duk zagayen wili, a duba wayoyin wili ko akwai wadda ta saki, ko taya na gogar wani abu. In ƙarar gwangwani ce a kan gargada, kaca ce ke dukan murfinta. A ɗame ta, a bar mata wasa kamar milimita 12 sama da ƙasa. Kacar da aka ɗame tamau ita ma gurnani take sawa, tana kuma cin boris. Ciwon da ke cikin giya yawanci yana canja murya in an canja lamba. In an bi 1, 2, 3 ƙarar ba ta canja ba, a fara nema a waje.

Ga masu ɗaukar kaya

Kekunan Rali da yawa sun zo da faranti mai haƙora 46 a gaba da 18 a baya. Da wannan, taka ɗaya a giya ta 2 na juya wili sau biyu da rabi da ɗan ɗori, a ta 3 kuwa kusan sau uku da rabi, abin da ya yi wa mai kaya nauyi. In aka sa mai haƙora 22 a baya, ta 2 za ta dawo sau biyu da kaɗan, ta 1 kuma sau ɗaya da rabi da kaɗan, sai hawa ya yi sauƙi, dukan giya ukun su zama masu amfani. Farantin wani zoben sifirin ne kawai ke riƙe shi, yana da kunnuwa uku a ciki, kuma na Sturmey-Archer da na Shimano da na Sachs suna shiga wa juna. Sai dai za a ƙara wa kaca tsawo kaɗan, a kuma sake saita waya.

Kira ga masu gyara

'Yan uwa masu gyaran keke, mun san abin da ke sa a guji wannan hob: tsoron a buɗe a kasa mayarwa. Amma AW ba shi da wuya kamar yadda ake zato. A cire kon na hagu, a sa alama a jikin babban zoben da ke rufe tukunya ta dama domin a mayar da shi yadda yake, a buga shi da guduma da ɗan ƙarfe ya kwance, sai kayan ciki su fito a dunƙule. A shimfiɗa farin tsumma, a jera kowane abu bi da bi yadda ya fito, a wanke da kananzir, a shanya. A ƙirga ƙwayoyin boris na babban zoben, 24 ne. A yi hattara da 'yan sifirin na harsuna, in ɗaya ya yi tsalle cikin yashi sai wani ikon. A sa giris a boris, mai a sauran.

Haka kuma kada a sayar wa masu gwangwan da mataccen hob. Kayan cikin AW na Ingila sun daɗe ba su canja sosai ba, don haka biyu matattu kan tayar da guda. Yaron shago da aka zaunar ya kwance ɗaya ya mayar sau uku ya samu sana'ar da ba kowa ke da ita a layin ba, masu irin wannan keke kuma za su neme shi duk inda yake.

Mai niyyar saye kuma, kada ya biya sai ya hau. Ya bi giya ɗaya bayan ɗaya yana danna feda da ɗan ƙarfi yana zaune, ya saurari ƙyas-ƙyas ɗin nan, ya duba ko 'yar sarƙa ko ɗan akwatin na nan, da washa mai kunne. In waɗannan sun cika, ya samu abin hawa na shekaru. Wanda kuma yake da shi a gida an jingine saboda wani kuka, ya fito da shi ya saita waya, ya ɗiga mai, ya duba noti, kafin ya kai a kwance masa wili. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.